WA KE JIN MAI CIWON DAJI IDAN YA KOMA GIDA?

Jama'a ku yi min haƙuri, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Na daɗe ina son yin sa, sai shekaranjiya da na raka yayata asibiti abin ya sake taso min. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma ban da suna, ban da hoto. To ba zan sa ba.

Waɗanda suka san gidanmu sun san jarabawar da Allah Ya yi mata ta ciwon daji na mama. An yi aiki, an yi kemo zagaye shida, an je wani gari an yi gashi, yanzu ƙwaya take sha kullum, kuma duk bayan wata uku muna komawa ganin likita. Alhamdulillahi tana nan da ƙafarta, tana zuwa biki, tana faɗa da jikoki. Duk wanda ya gan ta cewa yake ta warke. Shi kuwa likita bai taɓa furta wannan kalmar ba. Abin da yake cewa shi ne, "Ba mu ga komai ba a wannan hoton, a dawo bayan wata uku."

Shekaranjiya mun bar gida bayan asuba, muka karɓi lamba, muka zauna a benci har wajen azahar. Da aka kira ta muka shiga. Likitan, bawan Allah, kana kallonsa ka ga gajiya, ya ɗago kai daga fayil ya ce, "Hajiya, ya jikin?"

Ta ce, "Alhamdulillahi likita, da sauƙi."

Wallahi sai da na juya na kalle ta. Matar nan fa ita ce ta yi kwana tara hannunta na ɓangaren da aka yi aikin a kumbure, har zobe ya ƙi fita. Ita ce tafin ƙafarta ke yi mata kamar ana tsira allura, har ta daina saka takalmi rufaffe. Ita ce zafi da gumi ke tayar da ita tsakar dare. Kuma 'yarta ta tsegunta min cewa ta ajiye ƙwayar har sati biyu saboda ta gaji da gumin, daga baya ta ci gaba da sha. Na ce, "Yaya, hannun fa?" Ta harare ni ta ce, "Ai ya sace. Kai dai ka cika surutu."

Ba mu cika minti goma a ɗakin ba. Rayuwar wata uku ta shige cikin kalma biyu, aka rubuta a fayil, muka fito.

Ban ga laifin likitan ba, layin da muka bari a baya ya kai har bakin baranda. Ban ga laifin Yaya ba kuma. Haka aka rene mu. Ka je duba Bahaushe yana kwance ko juyi ba ya iya yi, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. A gaisuwa wannan tarbiyya ce mai kyau. Matsalar ita ce tambayar likita ba gaisuwa ba ce, amma da kalmomin gaisuwa yake yin ta, da su kuma ake ba shi amsa. Ga kunya, musamman mace a gaban likita namiji, ƙaninta kuma yana zaune a gefe. Ga mantuwa. Wa zai tuna abin da ya same shi a sati na biyar idan an tambaye shi a sati na goma sha biyu, ranar da ya tashi garau?

Da farko na ɗauka halinmu ne mu kaɗai. Ashe har a Amurka haka abin yake. Bincike ya nuna cewa likitocinsu kan kasa sanin kusan rabin abubuwan da ke damun masu ciwon daji tsakanin zuwa asibiti da zuwa asibiti. Wani ba ya son ya dami likita, wani yana tsoron idan ya yi ƙorafi a dakatar masa da magani, wani kuma ya ɗauka wahalar dole ce, sai haƙuri.

A nan ne maganar fasahar da nake son mu tattauna ta shigo.

Akwai wani likitan ciwon daji, Ethan Basch, da ya yi wani gwaji a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York. Tsakanin 2007 da 2011 ya ɗauki marasa lafiya 766 waɗanda ciwonsu ya riga ya bazu a jiki, ana yi musu kemo. Ya raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka bar su kan yadda aka saba: ka zo ranar ganin likita, idan wani abu ya taso ka kira. Ɗaya kashin aka ba su hanyar da za su riƙa amsa tambayoyi ta intanet a kan abubuwa goma sha biyu, irin su ciwo, tashin zuciya, amai, gudawa, rashin cin abinci, gajiya, tari, sarƙewar numfashi. Kowanne ka faɗi ƙarfinsa, daga babu har zuwa ya kayar da ni. Idan abu ya yi tsanani ko ya ƙaru, nan take saƙo ya tafi wurin nas.

Shi ke nan fa. Babu sabon magani, babu sabuwar na'ura a ɗakin tiyata.

Da aka fitar da sakamakon a 2017, waɗanda ake bibiya ta wannan hanya matsakaicin abin da suka rayu wata 31 ne, waɗancan kuwa wata 26. Wata biyar. Rai a hannun Allah yake, wannan babu musu, amma sababi ma Shi Ya halicce shi. Akwai magungunan ciwon daji masu tsadar gaske da ba su kai wata biyar ɗin nan ba. Bayan haka, sun fi jin daɗin jikinsu, zuwansu sashen gaggawa ya ragu, kuma sun iya jure kemo na kusan wata biyu fiye da waɗancan. Wani abin da ya ja hankalina: waɗanda ba su saba da kwamfuta ba, su ne suka fi amfana. Ka ga ba maganar 'yan boko ba ce.

To mene ne sirrin? Ni abin da na tsaya a kai shi ne wannan: a cikin kowane saƙon gargaɗi huɗu da suka isa wurin nas, an ɗauki mataki a kan kusan uku. Nas ta ɗauki waya ta kira. Ta ce sha kaza, ko ƙara wannan, ko taso ka zo yanzu. Gudawar da za ta busar da mutum a kwana huɗu an tare ta a rana ta farko. Ciwon da zai kwantar da mutum har ya daina tafiya an kashe kaifinsa tun yana ƙarami. Kwamfutar ɗan aike ce kawai. Wanda ya yi aikin shi ne mutumin da ya karɓi saƙon ya tashi tsaye.

A Faransa ma wani likita, Fabrice Denis, ya gwada irin wannan a kan masu ciwon daji na huhu waɗanda suka gama zagayen farko na magani suka koma gida. Wannan ya fi kusa da halin Yaya, wato mutumin da ake jira a gani ko ciwon zai dawo. Duk sati suna cike tambayoyi a wata manhaja, har da nauyin jikinsu. Idan amsoshin suka nuna alamar ciwon na motsi, sai a kira mutum a ɗauki hoto ba tare da jiran ranar da aka sa masa ba. An riƙa gano dawowar ciwon tun mutum yana da ƙarfin da zai ɗauki magani. Matsakaicin rayuwarsu ya kai wata 22 da rabi, na waɗancan kusan wata 15. Sai dai mutum 121 ne kawai a gwajin, don haka ba a gina bene a kansa.

Sai wani da aka yi a ƙasashe biyar na Turai, mutum 829, aka buga sakamakonsa a 2021. Su kullum suke amsa tambayoyi a waya lokacin kemo, su kuma auna zafin jikinsu. Tsarin ya raba gargaɗi gida biyu. Idan mai sauƙi ne, ma'aikacin lafiya yana da awa takwas ya kira. Idan ja ne, minti talatin. Ku riƙe wannan minti talatin ɗin, zan dawo kansa.

Don kada in zama ɗan talla, ga ɗaya ɓangaren. Shi Basch ɗin ya sake yin gwaji mafi girma a ƙananan cibiyoyi 52 a faɗin Amurka, mutum 1,191. Da sakamakon ƙarshe ya fito a 2025, ba a ga bambancin tsawon rai ba tsakanin ɓangarorin biyu. Abin da aka gani shi ne waɗanda ake bibiya sun fi daɗewa da ƙarfin jikinsu, wahalarsu ta fi sauƙi, zuwa sashen gaggawa ya ragu. Saboda haka duk wanda ya zo maka da manhaja yana cewa tana ƙara kwana, ka ce masa ya bi a hankali. Amma ni da na yi jinya, na san darajar mutum ya iya tashi ya yi alwala da kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a wannan gwajin, wajen kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar ba intanet suka zaɓa ba, kiran waya suka zaɓa, murya ta yi tambaya su danna lamba. A Amurka fa.

Yanzu kuma zamani ya ƙara gaba. Ga agogon hannu da ke ƙirga takun mutum, bugun zuciyarsa, da awannin barcinsa. Masu bincike suna duba ko raguwar taku kwatsam na iya nuna cewa mara lafiya ya kusa kwanciya tun kafin shi kansa ya yi magana. Tunanin yana da ma'ana, don ƙafa ba ta iya cewa da sauƙi ba. Amma hujjar da ake da ita a kan agogo ba ta kai ta tambaya da amsa ƙarfi ba tukuna. Kuma agogo bai san tashin zuciya ba, bai san tsoro ba, bai san mace ta ajiye ƙwayarta sati biyu ba. Ɗan Yaya da ke Abuja ya so ya saya mata irinsa. Na ce masa, "To idan agogon ya ga wani abu, wa zai faɗa wa?" Ya yi shiru.

Bari in ba ku labarin daren da har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Lokacin kemo ne, zagaye na uku. Kamar kwana goma da ƙarin ruwan, zazzaɓi ya kama ta. A gida aka ce maleriya ce, lokacin damina ne kuma. Aka je kemis, aka kawo maganin maleriya da farasitamol. Zazzaɓin ya sauka, ya dawo, ya sauka, ya dawo. Kwana biyu ana haka, babu wanda ya gaya min, wai kada a tayar min da hankali. Daren na biyu 'yarta ta kira ni wajen ƙarfe sha ɗaya, murya na rawa, ta ce, "Kawu, Umma fa tana ta karkarwa, maganarta ma ba ta fita sosai."

Allah Ya sa ina da lambar wani abokina likita, tun sakandare muke tare. Ba ma fannin ciwon daji yake ba. Ina gama yi masa bayani ya daka min tsawa, ya ce ku ɗauko ta yanzu yanzu, kada ku jira gari ya waye. A hanya yake min bayani ta waya. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan an yi shi. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ma san ta shige shi ba tana iya shiga jini ta yi kisa cikin awanni. Mai kemo idan zafin jikinsa ya kai 38, maganar asibiti ce nan take, kuma ƙa'idar ita ce a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da isarsa. Farasitamol ɗin da ake ba ta ɓoye zazzaɓin kawai yake yi.

Kwana takwas ta yi a gado. Aka ɗaga zagayen kemo na gaba. Kuɗin da muka kashe a kwanakin nan ba na son tuna shi.

Na tabbata an faɗa mana maganar zazzaɓin nan ranar farko, cikin sauran bayanai ashirin, lokacin da kanmu ya ɗau zafi ba ma fahimtar komai. Da a ce akwai abin da ke tambayarta kowace safiya, "Jikinki da zafi? Auna ki faɗa," da ranar farko za a kama shi.

Amma ku duba abin da ya cece ta a zahiri, bayan ikon Allah. Lambar waya ce a aljihuna. Wato mu ma muna da namu tsarin bibiyar mara lafiya nan take, sai dai na masu hanya ne. Idan kana da aboki likita, ko matar wanka nas ce, ko likitan ya ji tausayinka ya ba ka lambarsa, to kana ciki. Likitocinmu da nas-nas da yawa suna amsa WhatsApp ɗin marasa lafiya tsakar dare, da katinsu, da barcinsu, babu mai biyan su, babu inda aka rubuta. Allah Ya saka musu. Matar da ta taso daga ƙauye, ta shiga mota biyu ko uku kafin ta iso Zariya ko Sakkwato ko Kano, ta karɓi kemo ta koma, ita lambar wa take da ita? Idan zazzaɓi ya kama ta a kwana na goma, kemis ne, sai mai magani na gargajiya, sai kuma a ce kwana ya ƙare. A fayil ɗinta abin da za a rubuta shi ne ba ta dawo ba.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya ce Najeriya na samun sababbin masu ciwon kusan 128,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa. Na mama kaɗai ya haura 32,000. Likitocin fannin 'yan kaɗan ne, kuma muna ganin yadda suke ficewa waje. To a ƙasar da likita ba shi da minti goma, asibiti kuma yana da nisan rabin yini, ni a ganina mu muka fi Amurka buƙatar hanyar da za ta ware wanda ke cikin haɗari yau daga wanda zai iya jira. Har ma ta rage wa wasu wahalar tafiya. Wanda komai nasa lafiya lau, me ya sa zai kashe kuɗin mota ya wuni a benci don ya ce da sauƙi?

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa. Za ku ce, Malam, mu da injin gashi ke lalacewa a yi watanni ana jira, mu da mutane ke sayar da gona don kemo, kai kana maganar manhaja? Gaskiyarku. Idan aka ce in zaɓa tsakanin injin gashi da manhaja, injin zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Amma ba a nan zaɓin yake ba. Mutum ya sayar da gona ya biya kemo zagaye uku, sannan gudawa ko zazzaɓin da za a iya tarewa da kiran waya ɗaya ya kashe shi, ko wahala ta sa ya gudu daga maganin. Ina amfanin gonar? Bibiya tana kare kuɗin da aka riga aka kashe ne.

Tsorona a wani wurin yake, kuma a nan zan yi magana a matsayina na wanda ya shekara kusan ashirin yana aikin gwamnati. Na san yadda muke yi. Idan wannan tunanin ya shigo ofis, abin da zai fito shi ne kwangila. Za a kira ɗan kwangila ya ƙera manhaja mai kyau da tambari, a yi taron ƙaddamarwa a otal, a raba jaka da biro, a ɗauki hoto. Kuɗin sayen kaya yana da sauƙin fita, don akwai abin nunawa, akwai kuma mai cin riba. Kuɗin da ba ya fita shi ne na yau da kullum: albashin nas ɗin da za ta zauna gaban allon, alawus ɗin wadda za ta kwana, katin waya, man janareta. Bayan wata shida manhajar tana nan a wayoyin mutane, suna cikewa, saƙo yana tafiya, babu kowa a ɗaya bakin. Na ga irin wannan da idona a wasu ayyukan da ba su shafi lafiya ba, kwamfutoci a kwali har ƙura ta rufe su.

Kuma a harkar lafiya wannan ya fi babu muni. Wanda ba shi da manhaja ya san ba shi da kowa, idan abu ya yi tsanani zai nemi mota. Wanda ya danna cewa jikinsa da zafi ya ga alamar saƙo ya tafi, zai kwanta yana jira, yana ganin ai likita ya sani. Wancan minti talatin ɗin na Turai, shi ne ainihin kayan. Idan ba za ka iya alƙawarin wani zai kira cikin lokaci ba, kada ka fara.

Faransa ta gane wannan. Tun 2023 inshorar lafiyarsu ke biyan kuɗin bibiyar marasa lafiya daga nesa, kuma kuɗin kashi biyu ne: na kamfanin da ya yi manhajar, da na ma'aikatan da ke duba saƙonnin. Wato sun ɗauki karanta saƙon a matsayin aiki, aka sa masa farashi. Mu ma muna da inda za a rataya wannan. Akwai cibiyar NICRAT ta ƙasa da ta fara aiki a 2023, akwai asusun tallafa wa masu ciwon daji na mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, akwai hukumar inshorar lafiya. Idan za a biya wa mutum kemo, a haɗa da kuɗin wanda zai riƙa jin halin da yake ciki bayan ya koma gida.

Da ni za a tambaya, ba da agogo zan fara ba, ba ma da babbar waya ba. Zan fara da ƙaramar wayar nan mai tocila da ke kowane gida, da ma'aunin zafin jiki guda ɗaya a hannun kowane mai kemo. Kira ya shigo da safe, muryar mace, da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, tambaya biyar ko shida. Kin yi amai jiya? Sau nawa? Danna ɗaya, danna biyu. Mutanenmu da yawa ba sa karatun boko, amma kowa ya iya sauraro, kuma na lura mutum ya fi faɗa wa waya gaskiya fiye da fuskar da yake jin nauyi. Sannan tambayar kada ta zama "ya jiki". A tambayi abin da ake ƙirgawa: kwano nawa kika ci, kin iya zuwa banɗaki da kanki, zobenki yana fita? A ɗaya bakin kuma nas biyu ko uku da aka horar, aka ba su rubutacciyar ƙa'idar abin da za su iya yankewa da kansu da wanda sai sun taso likita. Kuma a san babban asibitin da ya fi kusa da garin kowane mara lafiya, domin cewa mutumin da ke nisan awa biyar "taho yanzu" ba taimako ba ne. A kira can a ce ga mai kemo nan zuwa da zazzaɓi, ga abin da za ku fara yi.

Akwai maganar sirri, kuma a wurinmu ba ƙarama ba ce. Waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta miji ce, ko ta ɗa, ko tana yawo hannun yara. Na san matan da ko dangin mijinsu ba su san abin da ke damunsu ba, don gudun surutu, don gudun a ce ciwon gado ne a ƙi auren 'ya'yansu. Saƙo ɗaya da sunan sashen ciwon daji a kan allo ya isa ya tona abin da mace ta shekara tana rufewa. Dole a tambaye ta lambar da take so, da lokacin da take so, kuma kiran kada ya ambaci sunan ciwon. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsaurarawa a kai. Amma doka a takarda daban, ɗan kwangilar da ke riƙe da sunayen mata dubu da lambobinsu daban. A san inda bayanan suke, a san wa ke iya buɗewa.

Abu na ƙarshe Yaya ce ta koya min shi. A mota muna dawowa nake ba ta labarin duk wannan, ina ta zuba. Ta saurara, sannan ta ce, "Wato kullum da safe sai an tuna min ina da shi ke nan?"

Ban yi tunanin wannan ba. Wanda ya gama magani babban abin da yake fama da shi, bayan gajiya da kumburi, shi ne tsoron dawowar ciwon. Ɗan tari kaɗan, gaba ya faɗi. Ciwon baya, a kwana ba barci. Irin wannan mutumin idan ka sa masa na'urar da ke ƙirga bugun zuciyarsa dare da rana, wataƙila ka ƙara masa ciwo ne. Shi ya sa nake ganin a raba. Mai cikin kemo, musamman a kwanakin nan masu haɗari, a tambaye shi kullum. Wanda ya gama ya koma rayuwarsa, sau ɗaya a sati ko ma ƙasa da haka ya wadatar, amma ƙofa ta zama a buɗe duk ranar da ya ga abin da bai gane ba, kuma ya san za a amsa. Saurin da ake buƙata a wurin amsawa yake.

Na tambaye ta, "To sau ɗaya a sati fa, ranar Juma'a?" Ta ce wannan za ta iya, in dai ba ni zan riƙa tambayar ba, don na cika faɗa.

Haka muka yi. Mun sayi littafi mai layi da ma'aunin zafi. 'Yarta ce za ta riƙa zama da ita duk Juma'a bayan la'asar ta rubuta: hannu, ƙafa, barci, cin abinci, ƙwaya an sha ko an tsallake. Mun sa zare muna auna kaurin hannun a wuri ɗaya. Abokina likita ya rubuta mana a shafin farko abubuwan da idan an gani ba a jiran Juma'a, ba a jiran wata uku.

Nas-nas da likitocin da ke cikin abokaina a nan, don Allah ku faɗa min gaskiya a ƙasa: nas ɗaya, idan wannan ne kaɗai aikinta, mutum nawa za ta iya bibiya a rana ba tare da ta gaza ba? Kuma akwai asibitin da ya riga ya fara wani abu mai kama da haka a nan Arewa? Ina son in sani kafin in ci gaba da surutu.

Littafin dai yana kan firij ɗin Yaya. Ranar komawa asibiti ni zan riƙe shi, don na san idan na bar mata za ta ce ta manta shi a gida.